Gurɓacewar Iska a Cikin Motocin Haya: Waiwaye a Kan Bas-bas na Birnin Legas

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aiki ya kai shi Legas daga ƙasar Hausa, cikin abubuwan da yakan fara lura da su akwai yadda wuyan farar riga ke yin baƙi tun kafin azahar. Da farko yakan ɗora laifin a kan gumi da danshin teku. Sai ya kwana biyu yana shiga motar haya safe da yamma, sannan ya gane cewa baƙin nan na hayaƙin mota ne, kuma abin da ya maƙale a wuyan riga ɗan kaɗan ne a kan wanda ya bi ta hanci ya sauka a huhu. Marubucin wannan maƙala ya daɗe cikin sahun masu irin wannan kai da kawowa, kuma wannan ne ya ja hankalinsa ga batun.

Manufar maƙalar ita ce bayyana irin iskar da fasinja ke shaƙa a cikin motar haya, da hanyoyin da take bi ta gurɓace, da illar da hakan ke yi wa lafiya, da kuma matakan da aka jarraba a wurare daban-daban don rage matsalar. An zaɓi Legas a matsayin misali saboda yawan jama'arta, da cunkoson titunanta, da kuma kasancewar akasarin ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai a motar haya suke dogara. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, bas ɗaki ne da mutane ke zama a ciki na tsawon sa'o'i a kullum, kuma sau da yawa iskar wannan ɗaki ta fi ta gefen titi lalacewa.

2.0 Abubuwan da ke Gurɓata Iska

Bahaushe yana da kalmomi da dama da yake siffanta lalatacciyar iska da su, kamar hayaƙi da turnuƙu da ƙura da hazo da ƙauri da wari da hamami. Idan aka lura za a ga dukkansu suna nuni ne ga abin da ido ya gani ko hanci ya ji. Matsalar da ke nan ita ce, mafi haɗarin abubuwan da ke cikin iskar mota ba su da launi, wasunsu ma ba su da wari. Saboda haka ya kamata a fara da fayyace su ɗaya bayan ɗaya.

Tsarkakakkiyar iska ta ƙunshi naitirojin kimanin kashi 78 cikin ɗari, da oksijin kimanin kashi 21, sai 'yan ragowar wasu iskoki. Duk abin da ya shigo ya haɗu da waɗannan har ya kai gwargwadon da zai cutar da mai numfashi, shi ake kira mai gurɓata iska. A cikin mota ana iya kasa su gida uku.

2.1 Ƙananan Ɓurɓushi

Waɗannan su ne ɓurɓushin toka da ƙura da ɗigon mai da ke shawagi a iska. Masana kimiyya suna rarraba su ne bisa girmansu, da ma'aunin da ake kira maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Waɗanda ba su wuce maikiromita 10 ba ana yi musu laƙabi da PM10, waɗanda kuma ba su wuce biyu da rabi ba su ne PM2.5. Kaurin silin gashin ɗan Adam yakan kai maikiromita 70, ke nan sai an jera irin waɗannan na biyu wajen talatin kafin su kai faɗin sili ɗaya. Manyan ɓurɓushi gashin hanci da majina ke tare su, a fyace ko a tofar. Ƙananan kuwa wucewa suke yi har cikin 'yan jakunkunan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafiya ƙanƙantarsu ma suna iya ratsawa su shiga jinin.

2.2 Iskoki Masu Guba

Ta farko ita ce kabon monoksaid, wadda ke samuwa idan mai bai ƙone sosai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, don haka kaɗan daga cikinta ya isa ya rage abin da ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Ita ce ke hallaka iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. Injin fetur ya fi fitar da ita.

Ta biyu ita ce naitirojin dayoksaid, wadda tsananin zafin cikin inji ke haifarwa. Tana fusata maƙogwaro da hanyoyin numfashi, tana kuma tayar da asma. Injin dizal, wanda direbobinmu ke kira injin gas, shi ya fi fitar da ita tare da baƙar toka. Ta uku ita ce wadda ke fitowa daga farar wutar da ke cikin mai. Ta huɗu kuwa tururin fetur ne, wanda a cikinsa akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa kansar jini.

2.3 Numfashin Fasinjoji

Kowane mutum yana fitar da kabon dayoksaid a numfashinsa, tare da ɗigon yawu da ido ba ya gani, wanda kan ɗauko ƙwayoyin cuta idan mai shi ba shi da lafiya. Wannan rukuni ba shi da alaƙa da inji, amma kamar yadda za a gani a gaba, shi ne ke sa maganin matsalar ya zama mai wuyar sha'ani.

3.0 Motocin Haya a Legas

Manyan motocin hayar da aka san Legas da su iri uku ne. Akwai molue, dogayen motoci masu ruwan ɗorawa da aka ƙera jikinsu a kan ƙashin manyan motocin Mercedes-Benz 911 da Bedford, waɗanda yanzu sun ja baya ƙwarai. Akwai danfo, ƙananan bas-bas masu ɗaukar mutum goma sha huɗu zuwa goma sha takwas, da yawansu ƙirar Volkswagen, waɗanda har yau su ne ƙashin bayan sufuri a birnin. Sai kuma bas-bas na tsarin BRT, da aka ƙaddamar a watan Maris na 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, tafiyar kimanin kilomita 22, aka kuma miƙa layin zuwa Ikorodu a 2015, sannan aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020.

Akasarin danfo tsofaffin motoci ne da suka gama aiki a Turai kafin a shigo da su, irin waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo. Wani rahoto da Shirin Kula da Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Game da iskar birnin kanta, wani nazari da Bankin Duniya ya wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 11,200 a Legas, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma asarar ta kai dala biliyan 2.1. Nazarin ya sanya sufurin titi a kan gaba cikin masu haddasa matsalar, ya kuma ba da matsakaicin PM2.5 na shekara a kan maikirogiram 68 a kowace kubik mita. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kubik mita kuwa ita ce iskar da za ta cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne. A lokacin, mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya 10 ne, a 2021 kuma ta rage shi zuwa 5. Abin lura a nan shi ne, irin wannan adadi na iskar gari ne baki ɗaya. Wanda ke zaune a cikin bas a tsakiyar titi yana kusa da bakin salansa fiye da kowace na'urar awo.

4.0 Hanyoyin da Iskar Cikin Bas ke Gurɓacewa

4.1 Daga Titi

Hayaƙi ya fi kauri a inda yake fitowa, yana kuma raguwa gwargwadon nisan da aka yi da shi. Nazarce-nazarce a ƙasashe da dama sun nuna cewa sai an yi nisan 'yan ɗaruruwan mitoci daga babban titi kafin iska ta koma daidai da ta sauran gari. Mai tafiya a ƙasa yana gefe, mai kanti yana bayansa, fasinja kuwa yana tsakiyar kogin hayaƙin.

Cunkoson motoci, wato gosulo, yana ƙara tsananta al'amarin ta fuska uku. Yana matso da motoci kusa da juna, har salansar ta gaba ta riƙa hurawa kai tsaye cikin ta baya. Yana sa direba ya riƙa tsayawa yana tashi, alhali lokacin da aka taka totur daga tsaye ne inji ya fi tofar da hayaƙi. Sannan yana tsawaita zaman da za a yi a cikin wannan hali. Wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Apapa zuwa Oshodi, tsakanin tankokin mai da tireloli masu ɗaukar kwantena, ya san cewa salansar wasu daga cikinsu daidai take da tagar danfo.

Ba salansa kaɗai ke zubar da ɓurɓushi ba. Burki yana cinyewa, taya tana goguwa, kwalta tana ɓarewa, kuma duk motar da ta wuce sai ta tayar da abin da ya kwanta. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hazon hunturu, wanda babban tushensa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, yakan sauko har bakin teku ya ƙaru a kan na gari.

4.2 Daga Motar Kanta

Mutane da yawa sun ɗauka cewa hayaƙin mota baya yake tafiya, wanda ke ciki ba ruwansa da shi. Bincike ya nuna akasin haka. A farkon shekarun 2000 an gudanar da wani gwaji a kan bas-bas na 'yan makaranta a birnin Los Anjelis na Amurka. Masu binciken sun zuba wata iska ta musamman, wadda babu ita a titi, a cikin salansar bas, sannan suka auna ko za a same ta a inda yara ke zama. An same ta kuwa, kuma ta fi yawa a tsofaffin motoci, da kuma lokacin da tagogi ke rufe. Wato dai mota tana shayar da fasinjojinta wani kaso na hayaƙinta.

Idan an ga haka a motocin da ake duba lafiyarsu a kai a kai, ina ga danfo? A tsohuwar ƙirar Volkswagen injin a baya yake, ƙarƙashin wurin ajiye kaya, dab da kujerar ƙarshe. A wasu ƙirar kuma yana ƙarƙashin kujerun gaba. Murfin da ke raba shi da fasinja robarsa kan mutu, daɓen mota kan rube ya huje, salansa kan tsage a yi mata walda ta sake tsagewa. Duk waɗannan ƙofofi ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ita ce cika but da kaya har ya ƙi rufuwa, a ɗaure murfin da igiya. Mota idan tana gudu tana keta iska ne, sai a samu wani gurbi a bayanta inda iskar ke juyawa tana komowa. Hayaƙin salansa a cikin wannan gurbi yake zuba, don haka buɗaɗɗen but zuƙo shi yake yi zuwa ciki. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗin da ke kama mazauna kujerar baya, waɗanda akan danganta da gajiya ko yunwa, suna daga cikin sanannun alamomin shaƙar kabon monoksaid. Haka nan wasu direbobi, idan tankinsu ya lalace, sukan ajiye jarkar fetur a cikin mota su ja tiyo zuwa inji, tururinta kuwa na kowa da kowa ne.

Launin hayaƙi yana faɗa wa bakanike ciwon inji. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa bai ƙone ba, shuɗi yana nuna inji na shan baƙin mai, fari mai kauri kuma yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Motocin fetur na zamani suna zuwa da wata na'ura a jikin salansa mai sauya iskoki masu guba su zama marasa ƙarfi. Kanikawan Nijeriya suna kiran ta Indomie, saboda cikinta ya yi kama da sunƙin taliyar. Da yake tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, akan cire ta a sayar, mota ta ci gaba da tafiya lafiya lau a idon mai ita, alhali gubar da take fitarwa ta ninka.

4.3 Daga Fasinjoji

A sarari, kabon dayoksaid kimanin kashi 420 ce cikin miliyan. A numfashin da mutum ya fitar kuwa takan kai kashi 40,000. Wannan bambanci ya sa masana ke amfani da ita a matsayin ma'aunin shige da ficen iska a ɗaki. Alal misali, idan aka auna cikin bas aka sami kashi 2,400, ma'anarsa kimanin kashi 5 cikin ɗari na iskar da kowa ke shaƙa ta riga ta bi ta huhun wani. Wato a kowane numfashi ashirin, ɗaya gwanjo ne.

Muhimmancin wannan ya fito fili a watan Janairun 2020, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Mutum 68 sun yi tafiyar kusan minti 100, zuwa da dawowa, a cikin bas mai na'urar sanyaya iska da ke juya iskar ciki ba tare da sabunta ta ba. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da cutar korona. Bayan tafiyar an sami wasu 23 sun kamu, har da waɗanda suka zauna nesa da shi. Tun kafin wannan, masu bincike a birnin Lima na Peru da kuma Afirka ta Kudu sun nuna alaƙa tsakanin cunkoso a ƙananan bas-bas da yaɗuwar tarin fuka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya.

5.0 Matsalar Taga

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci dalilin da ya sa gardamar buɗe taga ko rufe ta ba ta ƙarewa a cikin mota, domin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Idan aka buɗe, hayaƙin titi da ƙura sun samu hanya. Idan aka rufe, hayaƙin motar kanta da numfashin jama'a sun taru ba mafita. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Duk da haka akwai ƙa'idar da za a iya bi. A tsohuwar mota mai huji, cike da mutane, buɗe tagogi ya fi, musamman idan tana tafiya a buɗaɗɗen wuri irin gadar Third Mainland, inda iskar ruwa ke kaɗawa. Rufewa tana da amfani ne na ɗan lokaci, idan an tsaya kusa da mota mai turnuƙu, da an wuce ta kuma a sake buɗewa. A sabuwar mota mai na'urar sanyaya iska kuwa, sanyi ba shaidar tsabta ba ne. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana shigo da sabuwar iska daga waje, da kuma ko ana canza matatarta a kan kari. Idan babu waɗannan biyu, iska ɗaya ce ake ta sanyayawa ana mayar wa mutane.

6.0 Gwargwadon Abin da Ake Shaƙa

Illar gurɓatacciyar iska tana rataye ne a kan abubuwa uku: kaurin gubar, da tsawon zaman da aka yi a cikinta, da yawan iskar da mutum ke ja. Baligi a zaune yana shaƙar kimanin lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. A ɗauka ma'aikaci yana yin sa'a uku a mota kullum, zuwa da dawowa. Lita kusan 1,400 ke nan ta iskar bas a rana. Idan yana fita kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya yi sa'a 720, wato wata guda cur, dare da rana, a cikin mota. A ɗauka kuma kaurin ɓurɓushi a motar ya ninka na gida da ofis sau uku. Sa'o'in nan uku, waɗanda kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na yini da dare, su za su ba shi kashi 30 cikin ɗari na duk abin da ya shaƙa. Wannan lissafi na misali ne, amma ya isa ya nuna yadda ɗan gajeren lokaci ke ɗaukar babban kaso.

Idan wannan ne halin fasinja, na direba da kwandasta ya fi muni, domin su motar ce wurin aikinsu daga asuba har dare. Kwandastan danfo ma a bakin ƙofa yake rataye, yana ɗaga murya yana kiran tasha, wanda hakan ke sa shi jan iska da yawa ta baki, ba tare da tacewar hanci ba. Haka 'yan kamasho da masu talla da ke yini a tashoshin Oshodi da Ojota da Obalende, inda motoci ke tsaye injuna na aiki ana jiran lodi. Idan aka tambayi irin waɗannan mutane sukan ce sun saba. Hanci ne ke sabawa ya daina jin wari, huhu kuwa tarawa yake yi. Yara ƙanana su ma suna cikin haɗari na musamman, domin sun fi manya yawan numfashi idan aka kwatanta da nauyin jikinsu, huhunsu kuma bai gama ginuwa ba. Sai masu juna biyu, da tsofaffi, da masu asma ko ciwon zuciya.

7.0 Illoli ga Lafiya

Illolin nan take sanannu ne: yajin ido, da ƙaiƙayin maƙogwaro, da tari, da ciwon kai, da kasala. Idan direba ne ya shaƙi kabon monoksaid, hankalinsa kan dushe, saurin taka burkinsa ya ragu, ran duk wanda ke motar ya shiga haɗari.

Illolin da ke zuwa a hankali su suka fi yawan kisa. Ƙananan ɓurɓushi suna haddasa kumburi a huhu da jijiyoyin jini, wanda a tsawon shekaru kan kai ga ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da toshewar hanyoyin numfashi. A watan Yunin 2012, Hukumar Binciken Cutar Kansa ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu, a 2013 kuma ta yanke irin wannan hukunci a kan gurɓatacciyar iskar waje baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a faɗin duniya, akasarinsu ta hanyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Abin da ke ɓoye wannan matsala shi ne, idan tsohon direba ya faɗi da ciwon zuciya, ba mai tuna shekaru talatin da ya yi a bayan sitiyari. Da yayyafi kogi kan cika.

8.0 Hanyoyin Rage Matsalar

Mataki na farko shi ne gyara mai. Har zuwa 2016 ƙa'idar Nijeriya ta yarda da dizal mai ɗauke da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Tarayyar Turai ta tsayar da nata a kan kashi 10 tun 2009. A watan Disamban 2016 Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddebuwa suka amince su daina karɓar irin wannan mai daga waje, a 2020 kuma ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da kashi 50 ga ƙasashenta, ko da yake aiwatarwar ta yi ta gamuwa da jinkiri. Muhimmancin wannan ya wuce rage farar wutar kanta, domin matatar da ake sa wa injin dizal na zamani, wadda ke tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na toka, ba ta jure mai mai yawan farar wuta. Akwai kuma abin da zai ƙarfafa guiwa a tarihi. An taɓa zuba darma a fetur a ko'ina, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma ta rabu da shi a 2021.

Mataki na biyu shi ne sauya injin. A 1998 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci a mayar da bas-bas na birnin Delhi su koma amfani da iskar gas ta CNG, aka kammala a ƙarshen 2002. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da dukkan bas-bas ɗinsa, fiye da 16,000, masu aiki da lantarki a ƙarshen 2017. A Nijeriya, bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin mayar da motoci kan CNG, a wannan shekara kuma aka fara gwajin bas mai lantarki a Legas. Sai dai a tuna cewa bas mai tsabtar inji, idan ya shiga gosulo tsakanin tsofaffin motoci, hayaƙinsu fasinjansa zai shaƙa.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, wato keɓe hanya. Amfanin layin BRT ga lafiya shi ne yana rage lokacin zama a titi, yana kuma ɗan nisanta bas daga salansar wasu. Haka jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumban 2023.

Mataki na huɗu na masu motoci ne da ƙungiyoyin direbobi, kuma shi ya fi araha: toshe hujin daɓe, da sabunta robar murfin inji, da gyara salansa a kai bakinta har wajen jikin mota, da hana tafiya da buɗaɗɗen but, da kashe inji yayin jiran lodi. Ya kamata masu duba lafiyar motoci su ɗauki waɗannan da muhimmancin da suke ba burki da fitila.

Fasinja kuma yana da ɗan abin da zai iya. Ya guji kujerar da ke kan inji idan da hali, musamman in yana tare da yaro. Ya tsaya nesa da bayan mota yayin jira a tasha. Takunkumi nau'in N95 yana tare ƙananan ɓurɓushi da ƙwayoyin cuta idan ya zauna daidai a fuska, amma ba ya tare kabon monoksaid. Hankici kuwa manyan ƙura kawai yake tsayarwa.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin abubuwan da ke gurɓata iskar cikin motar haya, aka nuna cewa ta kafa uku suke shigowa, wato titi da injin motar da numfashin fasinjoji. An ga cewa rufe kafa ɗaya kan buɗe wata, shi ya sa dabarar fasinja ita kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da gyaran mai da na inji da na tsarin hanya. An kuma ga cewa waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar su ne direba da kwandasta da talakan da gidansa ke nesa da wurin aikinsa, wato waɗanda ba su da zaɓin wata hanya. Abin da aka faɗa game da Legas ya shafi duk wani babban birni na ƙasar nan da tsofaffin motoci ke jigilar jama'a a cikinsa. Idan ana tsara sufuri akan yi lissafin kuɗin mota da yawan kujeru da saurin isa. Ya kamata a ƙara da lissafin iskar da mai zama a kujerar zai shaƙa, domin kuɗin mota sau ɗaya ake biya a sauka, kuɗin huhu kuwa bashi ne da ke jiran mutum har tsufansa.